Majami'un Tarabulus da Yahudawan da suka zuba jari a fataucin Kano

A ƙarni na 19, fatar jar akuyar da majemi ya jeme a ƙasar Sakkwato ko ta Kabi tana iya yin tafiyar da mai ita bai taɓa mafarkin yi ba. Daga manyan kasuwanni irin ta Jega, wadda a wancan zamani take cikin cibiyoyin ciniki mafi girma a yammacin daular Sakkwato, kirgi yakan bi fatake zuwa Kasuwar Kurmi a Kano. A can ake ɗaure shi tare da gashin jimina da hauren giwa, a aza wa raƙuma, ayari ya kama hanyar Damagaram da Azbin da Gat da Gadamis, har ya sauka a Tarabulus, bakin tekun Bahar Rum, bayan an shafe watanni ana tafiya.

An san Larabawan da suke jan ragamar wannan fatauci, domin zuriyarsu na nan a Kano har gobe. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne mutanen da ke jiran kayan a ɗaya ƙarshen hanyar, waɗanda sau da yawa da jarinsu aka yi wa ayarin lodi tun farko. Da dama daga cikinsu Yahudawa ne, kuma tushensu yana cikin wata tsohuwar unguwa ta Tarabulus da ake kira Hara.

A shekarar 1941 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Tarabulus Yahudawa ne, suna da wuraren ibada 44 a cikin birnin. A yau babu Bayahude ko ɗaya da aka sani yana zaune a Libiya. Majami'unsu kuwa, wasu an rushe, wasu an mayar da su masallatai ko ɗakunan ajiya, wadda ta fi shahara kuma ta shafe shekaru a toshe. Yadda al'ummar da ta shafe sama da shekara dubu biyu a ƙasa ɗaya ta watse cikin kimanin shekara 25 labari ne da ya shafi tarihin kasuwancin ƙasar Hausa kai tsaye.

Zama tun kafin zuwan Musulunci

Yahudawa sun zauna a ƙasar da ake kira Libiya a yau tun wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), musamman a gabashinta, a tsohon birnin Sirene, lokacin da sarakunan Girkawa na Masar ke mulkin yankin. A tsakanin shekarun 115 da 117 sun yi wa Rumawa bore, aka murƙushe su da ƙarfin tsiya, amma ba su ƙare ba. Saboda haka da rundunar Amru ɗan Asi ta ci Tarabulus wajen shekarar 643, ta tarar da su a ƙasar.

A ƙarƙashin mulkin Musulunci sun zama ahlul zimma, wato waɗanda hukuma ta ɗauki alkawarin kare rayukansu da dukiyarsu da addininsu, su kuma suna biyan jiziya. Wannan matsayi ya ba su damar riƙe wuraren ibadarsu da kotunansu, amma yana tafe da ƙa'idoji: akwai iyaka a kan irin tufafin da za su sa, da hawan doki, da gina sabuwar majami'a. Tsananin ƙa'idojin ya danganta da wanda ke kan karaga. Wani zamanin a sassauta, wani zamanin a matsa.

Wata babbar musiba da ta same su a Tarabulus daga Turai ta zo. Sifaniyawa sun kama birnin a 1510, shekara 18 bayan sun kori Yahudawa daga ƙasarsu, daga baya kuma suka miƙa shi ga mayaƙan Kirista na tsibirin Malta. Yahudawa da yawa suka gudu zuwa ƙauyuka da duwatsun Garyan da Nafusa. Sai da Turkawa suka ƙwace birnin a 1551 sannan al'ummar ta fara farfaɗowa.

Mutumin da suke ɗauka a matsayin mai raya addininsu shi ne malaminsu Shimon Labi, wanda asalinsa daga Sifaniya ne, ya kuma tashi a birnin Fas na Maroko. Ya biyo ta Tarabulus a 1549 a kan hanyarsa ta zuwa Falasɗinu. Da ya ga jahilci ya yi wa 'yan uwansa katutu, har addu'o'in ibada sun fara ɓace musu, sai ya fasa tafiyar, ya zauna yana karantarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Mece ce majami'a, kuma me ake yi a cikinta?

Majami'a ita ce wurin ibadar Yahudawa. Yahudawan Libiya, waɗanda harshensu na gida wani karin Larabci ne da suke rubutawa da haruffan Ibrananci, suna kiranta sla, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da salla. Ana tsara ginin ne ta yadda masu ibada za su fuskanci birnin Ƙudus. A bangon alƙiblarsu akwai wata ma'ajiya mai labule inda ake adana Attaura, wadda ake rubutawa da hannu a kan fata, a naɗe ta, a saka cikin akwati na katako mai ado. A tsakiyar ɗakin kuma akwai dakali mai ɗan tudu inda mai karatu ke tsayawa. Ba a sanya gunki ko mutum-mutumi a ciki, kuma bisa tsohuwar al'ada maza da mata ba sa cakuɗuwa.

Ibadarsu ta yini sau uku ce: da safe, da yamma, da dare. Ba a yin ta cikin jam'i sai maza baligai goma sun hallara, wannan ne ma ya sa duk inda suka sauka abin da suke fara nema shi ne cikon mutum goma. Ana karanta wani yanki na Attaura ranakun Litinin da Alhamis da Asabar, a sauke ta baki ɗaya cikin shekara.

Aikin majami'a a Hara ya zarce ibada. Nan ne makarantar yara maza, inda suke zama a gaban malami suna biya karatu da ƙarfi har su haddace, abin da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane da ya gani. Nan ake sanar da aure da rasuwa, nan ake tara gudummawar marayu da kayan ɗakin 'ya'yan talakawa. Yawancin majami'un ƙanana ne, wani gidan masu hali ne ya gina, shi ya sa da yawansu suke ɗauke da kalmar dar, wato gida, kamar yadda a birnin Kano ake kiran masallacin unguwa da sunan wanda ya kafa shi.

Unguwar ta kasu biyu, Hara Kabira da Hara Sagira, babba da ƙarama, duk a cikin ganuwar tsohon gari. Uwar majami'un ita ce Sla Kabira, wadda ginin ta ke komawa ƙarni na 17. Wadda ta fi ƙawa kuwa ita ce Dar Bishi, da aka gina a farkon ƙarni na 20 zamanin mulkin Italiya, aka kwaikwayi fasalin babbar majami'ar birnin Rum. Can ake kai manyan baƙi idan sun ziyarci unguwar.

A wajen birnin, a garin Zilitin da ke gabas, akwai majami'ar Bu Shayif da ake kai wa ziyara duk shekara daga sassan ƙasar. An ƙone ta a ƙarshen shekarun 1860, sai hukumar Turkawa ta ba da umarni aka sake gina ta. Wannan ya nuna yadda zimma ke aiki a lokacin da hukuma take da ƙarfi da niyya.

Rayuwar Hara

Shugabancin al'ummar yana hannun ƙa'id, wanda shi ne tsani tsakaninsu da fadar mai mulki, shi ke tara haraji ya kai. Shari'ar aure da saki da gado kuwa tana hannun kotun malamansu. Idan rigima ta haɗa Bayahude da Musulmi, gaban alƙalin Musulunci ake zuwa.

Akasin abin da ake yawan zato, galibin mutanen Hara talakawa ne. Gidaje a cunkushe suke, iyalai da dama a tsakar gida ɗaya. Sana'o'insu su ne ƙirar azurfa da zinariya, ɗinki, ƙirar farin ƙarfe, da ƙananan kasuwanci. Akwai 'yan koli da ke ɗora kaya a jaki su bi ƙauyuka mako guda, su sayar wa matan makiyaya allura da turare da kayan yaji, su karɓi sha'ir ko ulu ko man zaitun a madadin kuɗi, su dawo gida kafin faɗuwar ranar Juma'a. Daga wannan lokaci har zuwa daren Asabar ba ciniki, ba hura wuta, ba tafiya mai nisa. Abincin Asabar tun Juma'a ake ɗora shi.

Akwai abubuwa da yawa da suka haɗa su da maƙwabtansu Musulmi. Ba sa cin naman alade, ba sa cin mushe, suna da mahautansu masu yanka bisa ƙa'ida, suna yi wa ɗa namiji kaciya a rana ta takwas. Sun bambanta da cewa ba sa haɗa nama da nono a ci ɗaya. Girkinsu irin na ƙasar ne: kuskus, da kifi mai yaji da ake kira haraimi, da mafrum, wato dankali da aka cusa wa niƙaƙƙen nama.

Har bukukuwa suna da su na tarihin birnin kansa. Suna bikin tunawa da shekarar 1705, lokacin da mai mulkin Tunis, Ibrahim Sharif, ya kewaye Tarabulus da yaƙi bai ci nasara ba. Suna kuma tunawa da 1795, shekarar da aka kori Ali Burgul, wanda ya ƙwace mulki ya gallaza wa jama'a, gidan sarautar Karamanli ya koma kan karaga. A lokutan biyu, abin da ya ceci garin shi ya cece su.

Jarin da ke bayan ayari

Sama da waɗannan talakawa akwai wasu gidajen attajirai ƙalilan, irin su Arbib da Nahum da Hassan, waɗanda suke da 'yan uwa ko wakilai a Liborno ta Italiya da Marseille da Paris da Landan da Manchesta. Wasunsu suna riƙe da takardun zama 'yan ƙasashen Turai, abin da ya ba su kariyar ofisoshin jakadanci. Ƙarfinsu shi ne sun san kasuwa biyu: ta Turai da ta Sahara.

Yadda cinikin ke tafiya sananne ne ga duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kaya bashi. Attajirin Tarabulus zai yi odar yadi daga masaƙun Manchesta, ya haɗa da sukari da shayi da alharini da duwatsun wuya da madubai da takarda, ya damƙa wa falke, galibi Bagadamishe, a kan amana. Falken ya yi hayar raƙuma da jagororin Buzaye, ya ratsa hamada, ya sauka wurin wakilinsa a Kano. Nan dillalai za su shiga aiki, a sayar, a sayi kirgi da haure da gashin jimina. Kafin kaya su koma Tarabulus a yi lissafi a raba riba, shekara ta wuce, wani lokacin har da ɗoriya. Idan 'yan fashi suka tare ayari, ko ƙishirwa ta halaka shi, asarar ta shafi kowa. Galibin attajiran Yahudawa ba sa ratsa hamadar da kansu, jarinsu ne ke tafiya, sai wasiƙu da ke kai da komowa.

Takardar da ke cikin wannan kaya ta cancanci a tsaya a kanta. Takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake gani idan an ɗaga ta ga haske, ta Tarabulus take bi ta iso ƙasar Hausa, kuma a kanta aka kwafi ɗimbin littattafan malaman ƙarni na 19 da ke ajiye a gidajen malamai da ɗakunan adana tarihi a yau.

Hanyar tana da baƙin tarihinta. Ta ita aka kwashi bayi masu yawa zuwa arewa, kuma ko da Turkawa suka haramta cinikin a 1857, ya ci gaba a ɓoye tsawon shekaru. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda labarinsa ya ratsa Murzuk da Tarabulus, a kan wannan ciwo aka gina shi. Daga waɗannan bayi da 'yantattu ne aka samu al'ummar Hausawa a Tarabulus da Tunis, waɗanda wani Bature mai suna Tremearne ya rubuta littafi a kan borinsu a 1914.

Gashin jimina shi ne hajar da ta fi kawo kuɗi a shekarun 1870 da farkon 1880, lokacin da matan Turai da Amurka suke ado da shi a huluna. Yahudawan Tarabulus ne suka fi rinjaye wajen tantance shi da fitar da shi. Sai dai manoman Afirka ta Kudu sun fara kiwon jimina, suka cika kasuwa. Duk da haka gashin jiminar Sahel ya fi nasu kyau, har gwamnatinsu ta turo tawaga a 1911 zuwa Arewacin Najeriya, ta koma da jiminu fiye da ɗari domin inganta iri. Ba su ci moriyar wahalar ba, domin a 1914 kasuwar ta rushe gaba ɗaya.

Kafin nan ma hanyar ta riga ta fara mutuwa. Rabe ya ci Kukawa a 1893 ya dagula hanyar Barno, Ingilishi suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar kuma Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Kayan da ke shafe watanni a bayan raƙumi suka koma isa Legas cikin kwanaki. 'Yan kasuwar da suka fahimci inda iska ta juya sai suka biyo teku suka zagayo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus da ya zauna a Kano, wanda a shekarun 1930 ya zama cikin manyan masu sayen gyaɗa masu zaman kansu, yana gogayya da kamfanin UAC a zamanin da Alhassan Ɗantata ke tashe.

Me ya sa ba a gina majami'a a ƙasar Hausa ba?

Tambaya ce da ta dace, tunda jarinsu ya iso har Kurmi. Wani ɓangare na amsar yana komawa ƙarni na 15, ga malamin da Kano ta san sunansa sarai, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili. A yankin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, akwai tsohuwar al'ummar Yahudawa masu hannu dumu-dumu a cinikin zinariya, suna da majami'a a garin Tamantit. Almagili ya yi fatawar cewa sun warware alkawarin zimma saboda kusancinsu da masu mulki, kuma majami'arsu ba ta halatta ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya saɓa masa, ya ce a bar musu wurinsu. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, amsoshinsu suka rabu biyu, kuma Alwansharisi ya tattara muhawarar a littafinsa na fatawoyi, Almi'iyar. A ƙarshe, wajen 1492, magoya bayan Almagili suka rushe majami'ar, aka kashe wasu Yahudawa, sauran suka watse.

Daga nan Almagili ya yo kudu. Ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi kan ladubban mulki, ya shiga Katsina, sannan ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammadu. Bayan haka daular Sanwai ta hana Yahudawa shiga ƙasarta, kamar yadda matafiyin nan Hasan Alwazzan ya ruwaito a farkon ƙarni na 16. Masana tarihi suna kawo wannan a cikin dalilan da suka sa 'yan kasuwar Yahudawa suka tsaya a gaɓar arewa ta hamada tsawon ƙarnuka, suna ciniki ta hannun wakilai. Sai wajen 1860 wani malami ɗan kasuwa daga garin Akka na Maroko, Mordekai Abi Surur, ya samu izinin zama a Tumbutu, ya kawo 'yan uwansa har suka cika goma suka tsayar da ibada. Zaman bai daɗe ba.

Italiya, Mussolini da sansanin Jadu

Shekarun farko na mulkin Italiya sun buɗe wa wasu Yahudawa ƙofar makarantun zamani da aikin ofis, masu hali suka fara barin Hara zuwa sabon gari. Amma mulkin mallaka ya sanya su a tsaka mai wuya: Turawa ba su ɗauke su daidai da kansu ba, Musulmi kuma, waɗanda suke shan azabar yaƙin da ya kai ga rataye Umar Mukhtar a 1931, sun fara yi wa wasunsu kallon na kusa da mai mulki.

A 1936 gwamna Italo Balbo ya ba da umarnin buɗe shaguna ranar Asabar a sabon gari. Waɗanda suka ƙi aka ƙwace lasisinsu, wasu aka yi musu bulala a bainar jama'a. A watan Maris na 1937 Mussolini da kansa ya shiga Hara aka tarbe shi, amma shekara ɗaya bayan haka gwamnatinsa ta kafa dokokin wariyar jinsi, aka fara korar Yahudawa daga aikin gwamnati da makarantu.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, a 1942 aka kwashi kimanin Yahudawa 2,600 daga gabashin ƙasar zuwa sansanin Jadu da ke kan duwatsu kudu da Tarabulus, inda yunwa da zazzaɓin ƙwarƙwata suka kashe 562. An tura mazajen Tarabulus aikin tilas, wasu masu takardun Ingila kuma aka kai su har sansanonin Jamus. Sojojin Ingila sun shiga Tarabulus a watan Janairun 1943, jama'ar Hara suka ɗauka wahala ta ƙare.

Shekara 25 na watsewa

Ranar 5 zuwa 7 ga Nuwamban 1945 tarzoma ta ɓarke a Tarabulus da garuruwan kewaye, kwanaki kaɗan bayan irinta a Alƙahira. Aka kashe Yahudawa fiye da 130, har da mata da yara, aka ƙone majami'u, aka wawashe shaguna da gidaje. Hukumar sojan Ingila ta yi jinkirin fito da dakaru. Masana sun danganta abin da talauci da rashin aikin yi bayan yaƙi, da zafin kishin ƙasa, da batun Falasɗinu, da jita-jitar da aka baza. An kuma tabbatar cewa Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu a gidajensu, wasu shugabanni suka yi tir da abin. Amma amanar da ta riƙe zaman ta riga ta tsage.

A watan Yunin 1948, bayan kafa Isra'ila da yaƙin da ya raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu, aka sake wata tarzomar. Daga cikin Yahudawan Libiya kimanin 38,000, sama da 30,000 sun tafi Isra'ila tsakanin 1949 da 1951, yawancinsu talakawan Hara da na ƙauyuka. Da Libiya ta samu 'yancin kai a ranar 24 ga Disamban 1951 ƙarƙashin Sarki Idris, 'yan dubbai ne suka rage. A ƙarshen 1958 doka ta rushe majalisar da ke kula da al'amuransu.

Yaƙin Yunin 1967 ya ƙarasa abin da ya saura. Tarzoma ta ci rayuka 18, gwamnati ta ce ba za ta iya lamunce tsaronsu ba, ta ba su izinin fita na ɗan lokaci, kowa da akwati ɗaya da ɗan guzirin da bai taka kara ya karya ba. Aka kwashe su zuwa Italiya. Da Mu'ammar Gaddafi ya hau mulki a 1969, doka ta ƙwace dukiyoyinsu a 1970, diyyar da aka yi alkawari ba a biya ba, aka kuma share maƙabartarsu ta Tarabulus aka yi gine-gine a kai. Majami'ar Zilitin ma an rushe ta a shekarun 1980. Ta ƙarshe da ta rage, wata tsohuwa mai suna Rina Debach, an fitar da ita zuwa birnin Rum a 2003.

Abin da ya rage a tsaye

A watan Oktoban 2011, bayan dakarun Gaddafi sun rasa Tarabulus, David Gerbi, likitan ƙwaƙwalwa da ya bar ƙasar yana ɗan shekara 12 a 1967, ya ɗauki guduma ya fasa bangon da aka toshe ƙofar Dar Bishi da shi. Ya tarar da shara ta cika ɗakin. Kafin ya yi nisa da share-share aka yi masa barazana, aka yi zanga-zanga, ya koma Italiya. A 2021 ƙungiyar Yahudawan Libiya da ke waje ta koka cewa ana shirin mayar da ginin cibiyar addinin Musulunci ba tare da an tuntuɓe su ba.

Wasu ƙasashen Musulmi sun bi wata hanya dabam. Maroko ta gyara majami'ar Slat Alfasiyin a Fas ta buɗe ta a 2013. Masar ta buɗe ta Iliyahu Hanabi a Iskandariyya a 2020 da ta Ben Ezra a Alƙahira a 2023, duk da cewa Yahudawan da suka rage a ƙasar ba su taka kara sun karya ba. A tsibirin Jarba na Tunisiya har yanzu ana ibada a majami'ar Gariba. Hujjar waɗannan gwamnatoci ita ce, gine-ginen tarihin ƙasarsu ne, kuma adana su bai hana su riƙe matsayinsu kan haƙƙin Falasɗinawa ba.

Ga mai karatu a Kano ko Jega ko Sakkwato, labarin yana da kusurwa ta gida. Ganuwar Kano tana ƙarewa a hannun masu gini, tsofaffin gidajen Larabawa na cikin birni suna komawa shaguna, wasiƙun fatake da takardun bashi na ƙarni na 19 suna ruɓewa a adakoki. Waɗannan su ne rabin shaidar wani ciniki da ya haɗa majemin Sakkwato, dillalin Kurmi, madugun Gadamis da attajirin Hara a kan amana ɗaya. Ɗaya rabin, wanda ke Tarabulus, tuni ya watse zuwa Rum da Isra'ila, inda jikokin mutanen Hara suka kafa gidan tarihi a garin Or Yehuda, suna kuma ci gaba da dafa haraimi daren Juma'a.